Harafi a Bangon Faifai: Nazari a Kan Tsarin Rubutu a Faya-fayan Fela Anikulapo Kuti

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ƙa'idojin rubutun harsunan Nijeriya sun saba neman hujjojinsu a littattafan makaranta da jaridu da fassarorin littattafan addini. Akwai wani fage da ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa idanun da suka sauka a kansa sun ninka na masu karanta mujallu irin wannan nesa ba kusa ba. Wannan fage shi ne bangon faifan waƙa. Mutumin da rabonsa da buɗe littafin Yarbanci ko na Hausa tun yana firamare yakan tsaya a gaban shagon mai sayar da faya-fayai ya karanta sunan mawaƙi da sunan waƙa, kuma yadda ya gan su a rubuce, haka nan za su zauna masa a ka.

Wannan maƙala za ta dubi haruffan da aka tsara a bangwayen faya-fayan Fela Anikulapo Kuti (1938-1997), musamman waɗanda Lemi Ghariokwu ya zana daga 1974 zuwa farkon shekarun 1990. An yi rubuce-rubuce da dama a kan hotunan da ke jikin waɗannan bangwaye da saƙon siyasar da suke ɗauke da shi, amma haruffan kansu ba su sami wannan gata ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, duk wanda ya zauna tsara harafi a bangon faifai hukunci yake yankewa a kan harshe, ko ya san haka ko bai sani ba, kuma ingancin hukuncin ya fi rataya a kan wanda ke zaune a teburin zane da wanda ke tsaye a kansa fiye da kayan aikin da ke gabansu. Daga ƙarshe za a auna faya-fayan mawaƙan Hausa da wannan ma'auni.

Idan aka ce tsarin harafi a nan, ana nufin abubuwa biyu. Na farko shi ne sura, wato kaurin harafi da tsayinsa da launinsa da wurin da aka ajiye shi. Na biyu shi ne ƙa'ida, wato wane harafi aka zaɓa, kuma an sa masa ɗigonsa ko ƙugiyarsa ko alamar karin sautinsa, ko kuwa an yar da su.

2.0 Mafarin Sana'ar da Kayan Aikinta

Kafin 1940 ana sayar da faya-fayan garmaho ne cikin jakar takarda wadda ba ta da wani ado. Alex Steinweiss, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya ɗauka aiki a 1939, shi ake dangantawa da fara yi wa faifai bango mai zane. Abin lura shi ne, bangonsa na farko, wanda ya fito a 1940, kusan duk rubutu ne: hoton allon ƙofar gidan wasan kwaikwayo ne da aka jera sunayen mawaƙan a kansa. Ke nan tun ran gini tun ran zane, harafi ne ya fara hawa bangon faifai kafin fuskar mawaƙi. Da kamfanin ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, sai masu zane suka sami fili mai kusurwa huɗu, kimanin santimita 31 kowane gefe. Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan fili ta fuskar harafi shi ne Reid Miles, mai tsara bangwayen kamfanin Blue Note na kiɗan jaz daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1967. A faifan Jackie McLean mai suna It's Time! ya cika bangon da layi-layin alamar motsin rai, har mai kallo ya ji gaggawar kiɗan tun bai ɗora allura a kan faifai ba.

Sai dai Miles yana aiki ne da Ingilishi, harshen da aka ƙera kayan ɗab'insa dominsa. Mai zane a Legas a shekarun 1970 hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya kai aikin maɗaba'a a jera masa haruffan da take da su, ko ya sayi takardar haruffan gogawa ta Letraset, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 1961, ya riƙa goga su ɗaya bayan ɗaya a kan takardar zane, ko kuma ya ɗauki alƙalami da buroshi ya zana da hannunsa. Hanyoyi biyun farko duk haruffa 26 na Ingilishi suka tanada, sai ɗan abin da ba a rasa ba na harsunan Turai. Babu ẹ ko ọ ko ṣ na Yarbanci, babu ị ko ụ na Igbo, balle ɓ da ɗ da ƙ na Hausa. Wannan matsala ce ta sa Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tashi tsaye a shekarun 1980 wajen samar da jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, aikin da Kay Williamson ta share wa fage, kuma mashahurin mai ƙera haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya ba da gudummawa a cikinsa. To amma kafin wannan aiki ya kankama, zamanin babban faifai ya riga ya fara shuɗewa.

3.0 Hannun Ghariokwu

An haifi Lemi Ghariokwu a Legas a 1955, kuma bai yi karatun zane a wata babbar makaranta ba. Yana ɗan shekara 18 ko 19 ya haɗu da Fela, ya zana masa bangon Alagbon Close a 1974. Alagbon Close sunan titin da ofishin 'yan sandan ciki yake ne a Ikoyi, inda aka tsare Fela a wannan shekara. A zanen, ga gidan wakafi yana cin wuta, ga Fela tsaye da tsinkakkiyar sarƙa, ga wani ƙaton kifin teku ya kifar da jirgin ruwan 'yan sanda. Daga wannan bango har zuwa na ƙarshe, Ghariokwu ya yi wa Fela guda 26, duk da ɓatawar da suka yi ta wasu shekaru bayan Fela ya ƙi karɓar zanen da ya yi wa faifan Sorrow Tears and Blood.

Akwai dalilai biyu da suka ɗora wa rubutun bangon Fela nauyin da na sauran mawaƙa bai ɗauka ba. Na ɗaya, gidajen rediyon gwamnati ba sa sa yawancin waƙoƙinsa, saboda haka bangon da aka jingina a ƙofar shago shi ne sanƙiran faifan. Na biyu, waƙoƙinsa dogaye ne, sau da yawa waƙa guda ce ke cinye fuskar faifai ɗungurungum. Faifan da ke ɗauke da waƙoƙi goma dole ne a jera sunayensu ƙanana-ƙanana. Na Fela kuwa suna ɗaya ne ko biyu, don haka sunan yakan tsaya kamar kanun labarin jarida, kuma haka Ghariokwu ya ɗauke shi.

Babban abin da ya bambanta aikinsa da na Miles, a ganina, shi ne wurin da harafi yake zaune. A wurin Miles, hoto na gefe guda, rubutu na gefe guda, gwanintar kuma tana wajen daidaita su. Ghariokwu kuwa cusa rubutun ya yi a cikin duniyar hoton. Harafinsa yana jikin kwalaba, yana kan allon titi, yana kan kwalin da mai zanga-zanga ya ɗaga, yana cikin da'irar magana irin ta labaran zane na jaridu. A bangon Yellow Fever (1976), faifan da ke sukar matan da ke shafa man bilicin, an zana kwanon man da sunansa a jiki, Soyoyo, har da farashinsa. Kalmar ta Yarbanci ce mai nuni da haske da ƙyalli. Mai kallo yana ganin dabbare-dabbaren fatar matar, yana kuma karanta alƙawarin da man ya yi mata, sai sukar ta kammala a cikin kansa ba tare da an ƙara masa bayani ba. A No Bread (1976) akwai rubutun da ke shelar isowar hauhawar farashi gari, an ba ta laƙabin girmamawa kamar wani babban baƙo. A Beasts of No Nation (1989), inda aka zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha da ƙahoni da fiƙoƙi, kwalayen da talakawa suka ɗaga su ne muryar ɓangare na biyu. In da za a goge rubutun da ke cikin waɗannan zane-zane, da rabin maganarsu ta tafi.

Ba daga littattafan koyon ɗab'i wannan salo ya fito ba. Duk wanda ya zauna a garuruwan Kudu ya san rubutun jikin motocin haya da allunan masu aski da na masu sayar da magani: haruffa masu kauri, masu inuwa a gefe, masu launi biyu ko uku, waɗanda aka yi domin a hango su daga tsallaken titi cikin cunkoso. Wannan ne gidan da harafin Ghariokwu ya tashi, shi ya sa ɗan kamasho da lebura ba sa jin baƙuntarsa.

Salon yana da aibinsa. Wasu bangwayen sun cika maƙil har ido ya rasa inda zai fara, kuma sunan faifan kansa yakan shiga kokawa da ƙananan rubuce-rubucen da ke kewaye da shi. Bango irin na Zombie, wanda aka gina shi da yankakkun hotunan sojoji masu hular kwano da na Fela, ya fi wasu ƙarfi ne saboda kalma guda aka bar wa fili. Haka kuma ba kowane wasa da harafi a faya-fayan Fela ne abin yabo ba. A bangon Shakara (1972), wanda ya riga zuwan Ghariokwu, mata ne ba riga aka jera a ƙasa, jikinsu ya fitar da taswirar Afirka da lambar 70. Dabara ce ta jan ido, amma mayar da jikin mutane tawada ya saɓa wa mutuncin ɗan Afirka da faya-fayan baya suka zo suna kira a kai.

4.0 Ɗigo, Karin Sauti da Harafin K

A nan ne maganar ta fi shafar masana harshe. Yarbanci na da wasula bakwai na baki, kuma ɗigon ƙasa ne ke raba e da ẹ, da kuma o da ọ. Yana da karin sauti uku, na sama da na ƙasa da na tsakiya, ana nuna biyun farko da alama a kan wasali, a bar na uku haka nan. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne oko (gona), ọkọ (miji), ọkọ́ (fartanya) da ọkọ̀ (abin hawa). Jaridun Ingilishi na Legas ba su damu da waɗannan alamomi ba, a wurinsu Fela dai Fela ne da haruffa huɗu tsirara. Amma a da yawa daga cikin bangwayen faya-fayansa, tun ma yana amsa sunan Ransome-Kuti, za a ga ɗigo a ƙarƙashin wasalin farko, wato Fẹla. Ɗigon ba ya cikin takardar Letraset. Wani ne ya ga ya kamata a sa shi, ya ɗauki alƙalami ya ɗiga.

A 1975 Fela ya yar da Ransome, wanda ya kira sunan bauta, ya ɗauki Anikulapo. A wasu bangwayen an rubuta sunan da alamomin karin sautinsa, Aníkúlápó. Marubutan Ingilishi sukan fassara shi da wanda ke ɗauke da mutuwa a cikin jakarsa. To amma abokan aikina Yarbawa sun jawo hankalina ga wani abu: àpò, mai karin ƙasa-ƙasa, shi ne jaka ko aljihu, shi kuwa apó, mai ƙarewa da karin sama, shi ne kwarin da maharbi ke zuba kibau. Idan aka bi alamar da ke kan wasalin ƙarshe kamar yadda aka rubuta ta, mutuwar a cikin kwari take. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya sa mutuwa a aljihu ya tsare kansa daga gare ta ne kawai. Wanda ya zuba ta a kwari kuwa makami ya mayar da ita. Ɗan karan da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba shi ne ke riƙe da wannan ma'ana, kuma duk bugun da ya share shi ya bar mai karatu cikin zaɓin da bai san ma akwai shi ba.

Ba za a ce an bi ƙa'ida sau da ƙafa ba. Wani bangon na da ɗigo babu karin sauti, wani na da karin sauti a suna na tsakiya kawai, wani kuma babu ko ɗaya, musamman bugun ƙasashen waje. Cikakken rubutun sunan, Fẹlá Aníkúlápó Kútì, ba shi ne aka fi gani ba. Duk da haka, a zamanin da ake ta kai-kawo a kan daidaita rubutun Yarbanci, daga ɗan littafin Ayọ Bamgboṣe na 1965 zuwa matsayar kwamitin 1974, waɗannan bangwaye sun kai ɗigon ƙasa gidajen da rahoton kwamiti bai taɓa shiga ba.

Kwatanci da King Sunny Adé zai ƙara fito da abin. Lokacin da kamfanin Island ya fitar da faifansa Juju Music a 1982 domin kasuwar Turai da Amurka, an sa alama a kan wasalin ƙarshe na sunansa. Daidai ne a Yarbanci, domin adé (kambi) da karin sama yake ƙarewa. Sai dai kalmar jùjú da ke cikin sunan faifan ba ta sami nata alamomin ba. Abin da na fahimta shi ne, é ta tsira ne domin Faransanci na da ita, kuma Bature na buƙatarta don kada ya haɗiye wasalin ƙarshe. Alamar ta yi wa baƙon mai saye aiki ne, dacewarta da Yarbanci kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Sai batun harafin K. A tsakiyar shekarun 1970 sunan ƙungiyar makaɗan Fela ya tashi daga Africa 70 ya koma Afrika 70. Furucin bai canja ba ko kaɗan, saboda haka wannan canji a ido kaɗai yake rayuwa, kuma bangon faifai ne gidansa. Yarbanci ba shi da harafin c sam. A Hausa akwai shi, amma sautin farkon kalmar ciki yake wakilta, shi ya sa muke rubuta Afirka. Haka Swahili ke rubuta Afrika. Da harafi guda aka ciro sunan nahiyar daga ƙa'idar Ingilishi aka mayar da shi ƙarƙashin ƙa'idar harsunan masu ita. Haka abin yake ga Kalakuta, sunan da Fela ya raɗa wa gidansa, wanda ya samo daga laƙabin ɗakin da aka tsare shi a Alagbon, kuma da yawa ke dangantawa da birnin Kalkata na Indiya: an rubuta shi da k, an kuma raba baƙaƙen da wasali, daidai da tsarin gaɓar Yarbanci.

5.0 Buroka da Haruffan Farko

Yawancin waƙoƙin Fela da Turancin Buroka aka yi su, kuma a nan ƙarfin halin da aka nuna wa Yarbanci ya ragu. A bayan bangwaye da dama an rubuta baitocin waƙar, sau da yawa da hannu, wanda ya sa suka shiga cikin wurare ƙalilan da talaka ke ganin wannan harshe a buge a wancan zamani. Amma da ƙa'idar Ingilishi aka rubuta shi. Sakamakon haka, mai karatu na ganin Buroka a matsayin Ingilishin da ya karkace, alhali binciken masana irin su Elugbe da Omamor (1991) da Faraclas (1996) ya nuna harshe ne mai nahawunsa da tsarin sautinsa. Ba na ɗora wa mai zane laifi a nan, tunda babu wata daidaitacciyar ƙa'ida da zai bi a lokacin. Ina dai nuna cewa hannun da ya musanya c da k a Afrika bai yi wa kalmomin Buroka irin wannan ba.

Inda sunayen faya-fayan suka yi fice shi ne wasa da haruffan farko. V.I.P. (1979) da I.T.T. (1980) taƙaitattun sunaye ne da kowa ya sani, na farko na manyan mutane, na biyu na wani kamfanin sadarwa na Amurka wanda M. K. O. Abiola ke shugabantar reshensa a Nijeriya a wancan lokaci. Fela ya bar haruffan yadda suke, ya canja kalmomin da ke ƙarƙashinsu, manyan mutane suka koma 'yan iskan da ke kan mulki, kamfanin kuma ya koma ɓarawon ƙasa da ƙasa. Irin wannan habaici ɗan rubutu ne, domin sai al'ummar da ta saba ganin manyan baƙaƙe da ɗigo a tsakaninsu a allunan ma'aikatu za ta gane shi. Aikin mai tsara bango a nan shi ne ya bar haruffan su fito da kwarjininsu na hukuma, sa'an nan fassarar ta biyo baya ta tuɓe musu rawani.

6.0 Faya-fayan Hausa a Wannan Ma'auni

Kalmar kwari da aka ambata a sama ta isa ta shigar da mu wannan sashe. Kwari na kibau da kwari na tsakanin tuddai karin sauti ne ya raba su, kuma rubutunmu na yau da kullum bai nuna shi. Amma tsakaninsu da ƙwari na ƙarfi ko ƙwari jam'in ƙwaro, ƙugiya ce, ita kuwa ƙa'ida ta wajabta ta. Haka baki da baƙi, kura da ƙura, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. A zamanin ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 da ƙamusun Bargery na 1934 da waƙafin sama ko ɗigon ƙasa ake nuna waɗannan sautuka, daga ƙarshen shekarun 1930 kuma haruffa masu ƙugiya suka zauna, har jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su ko'ina. Wato lokacin da Ghariokwu ya zana Alagbon Close, ƙugiya ta haura shekara 30 tana fita daga maɗaba'ar Zariya.

Kamfanonin faya-fayai na Legas sun ɗauki waƙoƙin manyan mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata (ya rasu 1999) da Musa Ɗanƙwairo (ya rasu 1991) da Ɗanmaraya Jos (ya rasu 2015). A bangwayen da suka zo hannuna tsarin kusan ɗaya ne: hoton mawaƙi da babbar riga, sunansa da haruffan maɗaba'a a sama, jerin waƙoƙi a baya. Ɗan ya zama Dan, waƙa ta zama waka, Ɗanƙwairo ya yi asarar ƙugiya biyu a suna guda. Inda aka ɗan yi ƙoƙari, sai a ga waƙafin sama irin na keken rubutu, a gaban harafi ko a bayansa.

An saba ɗora laifin wannan a kan rashin kayan aiki. Misalin Fela ya nuna uzurin bai cika ba. Wanda ya iya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin E zai iya lanƙwasa kan D ko K da alƙalami guda. Abin da ya bambanta shi ne, Fela ɗan boko ne da ya yi karatun kiɗa a Landan, yana zaune a garin da ake buga faifansa, yana duba zane kafin a kai maɗaba'a, yana karɓa yana ƙi. Mai zanensa kuma yakan saurari waƙar tun ana gwajinta, yana cikin ƙungiyar matasan da Fela ya kafa, kuma yana jin harsunan da ake waƙar da su. Makaɗin Hausa na wancan zamani kuwa fagensa fada ne da dandali da gidan biki da rediyo. Ya rera, an ɗauka, ya koma gida. Bangon a wani gari mai nisa za a tsara shi, a hannun wanda a wurinsa ƙugiya wani datti ne da ya maƙale wa harafi. Babu mai harshen a teburin, kuma babu wanda ya tsaya a kansa.

Zuwan kaset a shekarun 1980 ya rage filin daga santimita 31 zuwa abin da bai fi tafin hannu ba, kuma yawancin waƙoƙin Hausa ta hannun masu turawa a kasuwa suka yaɗu, inda ake rubuta sunan mawaƙi da biro a gefen kwali. Faifan CD ya ɗan faɗaɗa filin zuwa santimita 12. A yau bangon waƙa ɗan hoto ne a fuskar wayar hannu, wanda babban yatsa zai iya rufewa, saboda haka salon cunkoso irin na Ghariokwu ba shi da wurin zama a cikinsa, kalma ɗaya ko biyu ce kawai ke iya fita.

Abin mamaki shi ne, a yanzu masu tsara hotunan waƙoƙin Hausa Hausawa ne, a Kano da Kaduna da Jos, kuma tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ tun 1991, amma har yanzu sabuwar waka ake gani ba sabuwar waƙa ba. Dalilai biyu na gano daga tattaunawa da ɗalibaina masu wannan sana'a. Na farko na kasuwa ne: mai nema a intanet waka yake bugawa, mai ɗora waƙa kuma yana tsoron kada ƙugiya ta ɓoye shi daga masu nema. Wannan uzuri ya shafi sunan da ake bugawa a ƙarƙashin hoto ne, bai shafi rubutun da ke cikin hoton ba, tunda da sunan ake nema. Na biyu na sana'a ne. Yawancin nau'o'in haruffan ado da ake samu a kwamfuta ba su da ƙugiya. Idan mai tsarawa ya buga Ƙ a cikin kalma, sai na'urar ta aro ta daga wani nau'in dabam, ta fito siririya a tsakanin ƙattin haruffa, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Ganin ta ɓata masa layi, sai ya goge ta ya sa K. Babbar Ɗ ma ta fi wuyar sha'ani, domin ƙugiyarta ta hagu take fitowa, takan ci filin harafin da ya gabace ta, sai an buɗa tazarar da hannu. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya nuna mini yadda yake yi: yakan buga K ɗin nau'in da ya zaɓa, ya yanko lanƙwasar saman harafin f ko ƙasan j na wannan nau'in, ya juya ta, ya liƙa a hannun K na sama, don kaurin ƙugiyar ya zo daidai da na sauran haruffan. Aikin ba ya cin fiye da 'yan mintoci, amma ya ce sai mawaƙin ya nema yake yi, kuma kaɗan ne ke nema.